Kawu Cedric da Kalmomin da Ɓeraye Suka Rage

Ku yi mini haƙuri da wannan rubutu, ni ban iya ba. Malamarmu ta ce hannuna kamar tonon kaza ne, ga shi kuma a bayan littafin lissafi nake yi, zaune a kan matakalar bene, ina kasa kunne kada wani ya fito. In kun ga layi ya karkace, a gwiwa nake dannewa. Labarin Kawu Cedric ne, mijin Goggo Beryl, kuma in ya ji na rubuta shi kashina ya bushe.

Shi dai Kawu Cedric Squibb aikin duba tikiti ya yi a motocin bas har ya yi ritaya, amma in ka ji shi a mashayar ƙauyenmu sai ka rantse shi ya yanke wa Turanci cibiya. Kullum labarinsa ɗaya ne: wai wani farfesa ya taɓa shiga motarsa ba tikiti, shi kuma ya yi masa gyaran magana har farfesan ya cire hula. Da farko farfesa ɗaya ne. Zuwa Kirsimetin bara sun cika mota.

Ranar gwanjon coci sai ya sayo wani tsohon ƙamus a cikin kwali, irin mai littattafai da yawa. Sai da ya iso gida ya buɗe, ya tarar ɓeraye sun riga shi karatu. Danshi ya ci rabi, su sun cinye kusan duk saura. Abin da ya tsira 'yan shafuka ne daga tsakiyar littafi ɗaya, kuma duk kalmomin da ke ciki da "gall" suka fara. Su ma ɗin ɓeraye sun gutsure musu gefe, don haka sai ma'anar kalma ta taso lafiya lau, ta yanke a tsakiya.

"Beryl, zo ki ga dukiya!"

"Na gani. Kashin ɓera ne. Ɗauke mini shi daga kan teburin cin abinci."

"Ke dai ba ki san daraja ba. Kalmomi ne da suka mutu tun zamanin sarakunan da. Ni kuma zan tashe su."

"Fara tayar da injin yankan ciyawa tukuna, shi ma tun bara ya mutu."

Ta kori ƙamus zuwa ɗakin ajiyar kaya na bayan gida, inda rufi ke yoyo. Nan Kawu ya zauna da lema a kansa yana haddace kalmomi, yana ƙulla abin da zai yi. Akwai wani ɗan ɗaki a saman zauren taron gari, mai hita da kujerun laushi da butar shayi, wanda ya zama ba kowa tun da masu wasan kati suka watse. Kawu ya ce wannan ɗaki an gina shi ne don shi. Nan take ya kafa Babbar Ƙungiyar Tayar da Matattun Kalmomi ta Gundumar Dorset, ya naɗa kansa shugaba, ya naɗa Wilf Chaffey mataimaki. Wilf ƙanen Goggo Beryl ne, mai kiwon tumaki, kuma ya yarda ne don an ce za a riƙa ba da biskit.

Matsalar ita ce matan ƙungiyar saƙa su ma sun daɗe da sa wa ɗakin ido, don a barandar coci suke taruwa sanyi yana cin yatsunsu. Shugabarsu Misis Edna Tizzard tsohuwa ce 'yar firit, amma harshenta ya fi allurarta tsini.

Aka zauna taron kwamitin zauren. Kawu ya buga tebur.

"Ɗakin nan na ilimi ne, ba wurin gulma da saƙa safa ba!"

Misis Tizzard ko kai ba ta ɗaga daga saƙarta ba. "Cedric, ku nawa ne a ƙungiyar taka?"

"Ba a auna ilimi da yawan kawuna."

"Wato kai da Wilf."

"Wilf mataimakin shugaba ne, ki iya bakinki."

"Mataimakin shugaba barci yake yi."

Da gaske kuwa Wilf ya jingina da bango, baki buɗe.

"Edna, ke gallinipper ce!"

"Ni mece ce?"

"Kin ga amfanin ilimi? An zage ki ba ki ma sani ba. Ƙaton sauro ke nan, mai mugun cizo."

"To, ka riƙa kwana a gidan sauro," in ji ta, ta ci gaba da saƙa.

Rabaran Hallett, limamin cocinmu, mutum ne da ko kaji ya ga suna faɗa sai ya ba kowacce haƙuri. Ya ɗaga hannu ya ce a bari bikin bazara ya raba gardama. Kowace shekara alƙaliya tana zuwa daga birni ta zagaya fili, ta maƙala jan kambu, wato furen ƙyalle, a jikin abin da ya fi burge ta. Duk ƙungiyar da ta samu kambun bana, ita ke da makulli.

Matan saƙa suka ce za su shiga gasar mutum-mutumin gona kamar kullum, wanda kowane gida ke yin nasa a jera su a gindin shinge.

"Mutum-mutumi!" in ji Kawu a mashaya. "Tsumma da ciyawa! Ni ƙamus mai rai zan nuna wa garin nan. Za a ci kalma, a sa kalma a jiki, a taka kalma da ƙafa."

Mista Legg mahauci ya shafa gemunsa. "Wai Cedric, kakannin namu ba su da wata magana ne sai mai farawa da gal? Jiya ka ce wa karena gal-wani-abu, yau ka ce wa matata gal-wani-abu."

"Daki-daki nake bi."

"Shi ne ka fara daga tsakiya?"

"Masu ƙaramin sani ke farawa daga farko."

Shiri ya kankama. Abu na farko galligaskins. Takarda ta ce: "Wando mai faɗin gaske na mazan da, wanda ake cusa wa..." sai haƙoran ɓera. Kawu ya ce ai ko yaro ya san ciyawa ake nufi. Yadi kuwa, ya jira Goggo Beryl ta tafi wurin likitan haƙori, ya sauke labulen falo, mai manyan furanni rawaya, ya ɗinke shi da igiyar ɗaurin ciyawa.

Ta dawo da kumburarren kunci ta tsaya a bakin ƙofa.

"Ina labulena?"

"Ya shiga tarihi."

"Cedric, maƙwabta suna kallonmu muna shan shayi."

"Su saba. Ranar Asabar duk gunduma za ta kalle mu."

Bakin na ciwo, don haka sai ta yi masa wani kallo da ya kamata ya ajiye a ransa.

Na biyu galluses. Wannan ɓeraye sun bar masa ma'anar cikakkiya: igiyoyin rataye wando a kafaɗa. Ya tono na marigayi mahaifinsa a ƙasan akwati, robar duk ta mutu, in ka ja sai ta riƙa ƙara. Ya ce ƙarar tsufa ce, ita ake nema.

Na uku gallimaufry, dafa-dukan ragowar abinci. Ya ɗauki bokiti ya bi gida-gida yana neman abin da ya kwana. Tun da aka kafa ƙauyen nan ba a taɓa yin kyauta da farin ciki irin ta ranar ba. Aka ba shi guntun naman Lahadi, da kabeji, da kan kifi, da waken gwangwani, da rabin kek mai kastad. Wata tsohuwa ta miƙo masa wani abu a kwano ta ce ita ma ta manta ko mene ne, amma dai ba ya motsi.

Na huɗu gallipot. Takarda ta ce: "'Yar tukunya mai sheƙi wadda ake zuba..." shi ke nan. Kawu ya ce me ake zubawa a tukunya in ba abinci ba? Ya kwatanta wa Wilf, Wilf ya ce akwai irinsu cikin wani akwati a garken tumaki tun na kakansa. Suka je suka zazzage. 'Yan tukwane ne kyawawa, kowacce da wani busasshen abu baƙi-baƙi a gindinta.

"Cedric, waɗannan fa na..."

"Mataimaki ba ya katse shugaba."

"Ai ba magana kake yi ba."

"Tunani nake yi. Shi ma ba a katsewa."

"To ko a wanke su?"

"A wanke tarihi? Wilf, wani lokaci ina mamakin yadda ka samu muƙamin nan."

Wilf ya ci gaba da kwashe tukwane. Mutum ne da in ka hana shi magana sau ɗaya ba ya ƙara wahalar da kansa.

Kalma ta ƙarshe ita ta fi yi wa Kawu daɗi: gallybagger. "Wanda ake tsayarwa a tsakiyar gona, ko tsuntsu ba ya..." Kawu ya karanta ya sake karantawa. Ya ce wannan sarauta ce, ba tantama. Babban mutum ne da ake tsayarwa a kan gonakin gari, wanda kwarjininsa ko tsuntsu ba ya iya haɗa ido da shi. Ya yago ragowar labule, ya rubuta kalmar da baƙin fenti manya-manya, ya yi ɗamara da ita daga kafaɗa zuwa ƙugu.

Ranar biki gari ya yi kyau, abin da ba a cika samu ba. An kafa rumfuna, ga teburin jam, ga na kek, ga masu busa suna ta kumbura kumatu, ga jakar Mista Legg, macen jaki mai suna Gimbiya, tana ɗaukar yara zagaye fili. Sai ga Kawu ya ɓullo. Wandon ya fi shi faɗi nesa ba kusa ba, don ya cusa masa ciyawa har ba ya iya haɗa ƙafafu. Tafiya yake yi kamar agwagwa mai ƙwai, ciyawa na leƙowa ta gwiwa. Abu ɗaya ne nasa na kullum: baƙaƙen takalmansa na aikin bas, da ya goge har suna ɗaukar ido.

"Jama'a, ku matso! Yau za ku ci abin da kakanninku suka ci! Gallimaufry a cikin gallipot, daga hannun Gallybagger da kansa! Kyauta!"

Kalmar ƙarshen ce kaɗai kowa ya gane, kuma ta isa. Mutanen ƙauyenmu in abu kyauta ne, ko mene ne sai sun ja layi. Wilf yana zuba dafa-duka da zafinsa cikin 'yan tukwane, Kawu yana miƙawa.

Rabaran ne ya fara kai cokali. Ya tauna. Idanunsa suka kawo ruwa.

"Yaya ka ji, Rabaran?"

"Yana da... ban sha'awa, Mista Squibb."

To ku kun san mu. A garin nan mutum ya gwammace ya mutu da ya ce wa wanda ya dafa abu bai yi daɗi ba. Kowa ya ɗanɗana, kowa ya ji kamar ya lashi taya, kowa ya dubi na kusa da shi, ya ga yana ci, shi ma ya ci gaba. Mista Legg ya ce lallai mutanen da jarumai ne. Matar mai gidan waya ta ce ba ta taɓa cin irinsa ba, kuma gaskiya ta faɗa. Rabaran ya daure ya sharce tukunyarsa tas don ya huta, Kawu ya ga haka ya ƙwace ta ya ƙara cika masa.

"Kun gani? Mai ilimi shi ya san abinci. Yanzu kuma galliard! Rawar fada ce, ta tsalle. Wilf, saki kiɗa!"

Wilf ya ɗauko akodiyan ɗinsa, abin kiɗan nan da ake ja ana matsawa. Waƙa ɗaya ya iya a duniya, ita ce wadda ake yi in za a kai gawa. Kawu bai damu ba. Ya hau kan 'yan katakon da aka shimfiɗa, ya riƙe ƙugu, ya shiga harba ƙafa dama da hagu, ciyawa na tashi. Jama'a suka kewaye shi, kowa da tukunyarsa a hannu, suna godiya a ransu an samu dalilin daina ci.

"Yanzu ku ga babban tsallen!"

Ya durƙusa, ya tattara ƙarfi, ya tashi sama kamar taki ɗaya. Igiyoyin mahaifinsa suka ce su kam iyakarsu ke nan. Fat! Fat! Maɓalli ɗaya ya tafi ya bugi gangar masu busa, ɗayan ya faɗa cikin butar shayin matar Rabaran. Wando ya kama hanyar ƙasa, Kawu ya cafke shi da hannu biyu.

"Haka ake ƙare ta," in ji shi yana haki. "A fada ma haka ake ƙare ta."

Wataƙila da ya sha da wannan. Amma Rabaran, don kirki, sai ya yi masa murmushi. Matar mai gidan waya ta kurma ihu.

"Wayyo! Rabaran, bakinka!"

Leɓensa, haƙoransa, harshensa, duk sun yi shuɗi kamar ya lashi tukunyar marina. Ya dube ta, ya ce a hankali, "Ke ma, 'yar'uwa." Kowa ya juya ya dubi kowa. Mista Legg har gemu. Rabin garin nan shuɗin baki, suna tsaye suna gwada wa juna harshe.

Wilf ya ajiye akodiyan. "Ai abin da na so in faɗa maka ke nan, Cedric. Tukwanen na maganin kofaton tumaki ne."

"Za mu mutu?" in ji matar mai gidan waya.

"A'a, ba ya kisa. Tumaki na lasa kullum. Fita ce dai ba ya yi da wuri."

"Gobe ina da wa'azi," in ji Rabaran, kamar zai yi kuka.

Mista Legg ya ajiye tukunyarsa ya fara naɗe hannun riga. Ta ɗaya gefen kuma sai ga Goggo Beryl ta fito daga rumfar shayi da ludayi, ta ga labulenta a gaban duk gari, an yi masa ƙafafu, ciyawa na zuba ta gindi.

"Cedric Squibb!"

Kawu bai tsaya bayani ba. Ya rungumi wandonsa ya arce. Gudu da wannan kaya ba gudu ba ne, amma tsoro ya ara masa ƙafa. Ya zagaya bayan rumfar shayi, ya ture teburin jam, ya ɓulla gindin shinge inda aka jera mutum-mutumai, ya yi karo da ɗaya suka zube tare. Yana jin muryar Mista Legg tana matsowa. Sai dabara ta faɗo masa. Ya zare buhun da aka yi wa mutum-mutumin fuska da shi ya ƙwama a kansa, ya ɗora saƙaƙƙiyar hularsa, ya cilla gangar jikin bayan shinge. Ya rataye bayan wandonsa a ƙusar sandar da aka rataye mutum-mutumin a kai, ya ɗora hannayensa a kan gicciyen katako, ya sanƙare.

Jama'a suka wuce shi a guje, ba wanda ya waiwaya.

A cikin buhu Kawu ya yi murmushi. Wane mutum! Gari guda ya bi shi, ya ɓace musu da rana tsaka. Har ya fara tsara yadda zai ba da labarin a mashaya, yana tunanin ko ya ƙara musu karnuka.

Sai ya ji ana jan ƙafarsa.

Gimbiya ce. Da hayaniya ta tashi mai riƙe da ita ya sake ta, ita kuwa ta bi sawun ciyawar da ke zuba tun daga dandalin rawa har ta iso inda ake ajiye ta. Ta sa baki a gwiwar wando ta zaro dami, ta tsaya tana tauna tana kallonsa.

"Tafi," in ji Kawu ta cikin buhu. "Kur! Tafi, 'yar banza."

Ta ƙara zaro wani. Ƙafar hagu ta fara saɓewa. Yana shirin harbinta sai ya ji muryoyi, dole ya koma gunki.

Alƙaliya ce, Misis Loder, wata babbar mace daga birni mai tabarau kamar gindin kwalba. Motarta ta makara, don haka ba ta ga komai ba, kuma ba wanda ya ga dacewar a faɗa mata. Rabaran yana gefenta da hankici a baki. Misis Tizzard tana biye, don ta nuna aikin matanta. A bayansu jama'a sun gaji da nema sun dawo, kowa ya tsuke leɓe.

Suka tsaya daidai gaban Kawu, inda allo ke kafe a ƙasa: ƘUNGIYAR SAƘA.

Misis Tizzard ta dubi mutum-mutuminta. Hular dai tasu ce. Ta sauke ido ta bi labule, ta bi ciyawa, ta tsaya a kan baƙaƙen takalma masu sheƙi. Duk wanda ya taɓa shiga bas ba tikiti a gundumar nan ya san takalman nan, don su yake kallo in ya sunkuyar da kai. Ba ta tona masa asiri ba. Ta dai gyara wa mutum-mutumin hula.

"Kai, kai, kai!" in ji alƙaliya. "Wannan fa? Dubi tumbi! Dubi yadda kafaɗu suka zube kamar na wanda duniya ta juya wa baya! Wa ya yi shi?"

"Mu ne, ranki ya daɗe," in ji Misis Tizzard. "Mun daɗe muna fama da shi."

"Me kuka cusa masa?"

"Ƙafafun ciyawa ne. Kan kuwa fanko muka bar shi, shi ya sa bai yi nauyi ba."

Wani ya yi tari a cikin jama'a. Mista Legg ya matso, shi ma ya ga takalman, ya naɗe hannu a ƙirji ya gyara tsayuwa. Goggo Beryl ta iso da ludayinta, ta dubi labulenta, ta dubi Misis Tizzard, suka gaisa da ido.

"Labulen ma kamar na sani," in ji Goggo. "Amma ai mutum-mutumin nan bai kai mijina muni ba."

"Haba Beryl, kada ki rage mana maki," in ji Misis Tizzard.

Kawu yana ji, zufa na bin bayansa, Gimbiya ta koma ƙafar dama. In ya yi motsi, ga Mista Legg, ga ludayi. In bai yi ba, to bai dai yi ba. Ya ce a ransa bari su wuce, ai ba a nan kambun zai tsaya ba.

Alƙaliya ta kawo tabaranta dab da ƙirjinsa tana karanta ɗamara.

"Gal... gallybagger! Allah sarki! Rabona da jin kalmar nan tun kakata tana da rai. Haka take kiran mutum-mutumin korar tsuntsaye. Har tsohon sunansa kuka nemo kuka rubuta masa? Wannan shi ne aiki da ilimi!"

"Muna ɗan taɓa karatu, ranki ya daɗe, tsakanin safa da safa."

"Ba sai na ƙara zagayawa ba." Ta buɗe jaka ta fito da jan kambu, ta ɗaga murya. "Kambun bana na Ƙungiyar Saƙa ne!"

Ta zare allurar, ta nemi wuri mai kauri a ƙirjin mutum-mutumi, ta danna da ƙarfinta na mai son abu ya zauna.

Ihun da Kawu ya yi, sai da hankaki suka tashi daga gonar da ke ƙetaren hanya. Wilf ya ce tun da yake bai taɓa ganin mutum-mutumin da ya yi aikinsa haka ba. Alƙaliya ta zauna daɓas a ƙasa. Gimbiya ta ja da baya da guntun labule a baki. Kawu ya yi tsalle gaba, ƙusa ta riƙe abin da ta riƙe, sai ga shi tsaye gaban gari da gajeren wando da takalma masu sheƙi, buhu a ka, jan kambu a ƙirji, galligaskins kuwa na rataye a sanda.

Ya fizge buhun. Ya dubi jama'a, ya dubi ƙirjinsa. Ko a nan bai karaya ba.

"Kun gani da idonku! A jikin wa kambu yake? Makulli nawa ne!"

"A filin wa ka tsaya?" in ji Misis Tizzard.

"Wannan ba hujja ba ce!"

"Hular wa ke kanka?"

"Labulen nawa ne," in ji Goggo Beryl.

"Ciyawar tawa ce," in ji Wilf.

"To kai me ka kawo, Cedric?"

"Kalmar! Ni na kawo kalmar!"

"Ka kyauta," in ji Misis Tizzard. "Ta kuwa zauna maka daidai."

Aka juya ga Rabaran. Ya sauke hankici, ya buɗe shuɗin bakinsa, kuma karo na farko a rayuwarsa bai ba kowa haƙuri ba. Ya ce kambu na mutum-mutumi ne, mutum-mutumi na masu allo ne. In Mista Squibb yana son ya riƙe kambun, sai ya amsa a gaban jama'a cewa shi mutum-mutumi ne, in kuwa ya amsa, to shi kansa kayan Ƙungiyar Saƙa ne, sai su ɗauki abinsu. Ya zaro makulli daga aljihu ya miƙa wa Misis Tizzard.

Aka tafa. Ba a yi dariya da baki buɗe ba, saboda dalili.

Washegari Rabaran ya yi wa'azi a kan haƙuri, yana kallon ƙasa, masu amshi suna rera waƙa ta hanci. Goggo Beryl ta sayi sabon labule, ta ce a kuɗin giyarsa za a fitar. A mashaya ba mai ce masa Cedric yanzu, har yara a hanya. Shi kuwa ya ce wannan ai nasara ce: ya yi alkawarin tayar da matacciyar kalma, ga ta nan a bakin kowa.

Ɗakin ma fa ya shiga. Misis Tizzard ta aiko ta ce ba ta riƙe shi a rai ba, kuma tun da duk gari ya shaida ya iya tsayawa da hannu a miƙe ba motsi, suna neman wanda zai riƙa riƙe musu zare suna naɗewa. Goggo ta ce zai je. Duk Talata yana can kusa da hita, hannaye a shimfiɗe, ulu a rataye, mata na gulma ta kansa. Ya ce wa su Mista Legg lacca yake ba su. Da na kai musu madara na tarar ya buɗe baki zai fara, sai Misis Tizzard ta ce, "Gallybagger, ɗaga hannun hagu," shi kuma ya ɗaga.

Ga Goggo can tana ƙwala mini kira, wai in zo in riƙe mata tsani za ta rataya sabon labulen, kuma in ta leƙo ta ga abin da nake